Filin Direbobi: Tikitin Ɗan Sanda da Sabon Direban Tirela a Amurka

Wasiƙun da suka taru a wannan wata yawancinsu daga 'yan'uwanmu ne da suka kama tuƙin tirela a Amurka, masu sabon lasin CDL, wato lasin tuƙin manyan motoci, a aljihu. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba, domin maganar wani har yanzu tana gaban kotu. Amsoshin na direba ne da ya daɗe a kan hanya, yanzu kuma yake zama a kujerar gefe yana koyar da sababbi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Wata huɗu ke nan da na fara aiki. Makon jiya a jihar Ohayo, a wurin da ake gyaran hanya, an rage gudu zuwa mil 50, ɗan sanda ya ce ya kama ni ina 66. Ya ba ni tikiti, sannan ya duba motar ya ƙara mini wata takarda. Abokan zamana sun ce in biya ta intanet in huta, kada kamfani ya ji. Kuɗin ina da su. In biya? Ƙaninka daga Greensboro.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka biya tukuna. A Amurka biyan tikiti amsa laifi ne. Ranar da ka tura kuɗin nan, kotu za ta rubuta an same ka da laifi, ta aika wa jihar da ta ba ka lasin, a shigar da shi cikin tarihin tuƙinka. Abokan zamanka lissafin gida suke yi, inda in an tare ka a hanya magana ta kuɗi ce, da an biya ta mutu. A nan kuɗin tarar su ne mafi sauƙin abin da za ka rasa.

Dubi lambar da ya rubuta. 66 a wurin 50, ka ɗara da mil 16. Da 14 ne da wata hirar muke yi. Dokar tarayya da FMCSA, hukumar da ke kula da lafiyar tuƙin manyan motoci, ke aiki da ita ta ware wasu laifuka ta sa su a sahun masu tsanani ga mai CDL: ɗara ƙa'idar gudu da mil 15 ko fiye, tuƙin ganganci, canja layi ba bisa ƙa'ida ba, bin mota kurkusa, riƙe waya ko rubuta saƙo kana tuƙi. Na farko ba ya sa a karɓe lasin. Amma in ka sake yin wani daga cikinsu kafin shekara 3 ta cika, za a dakatar da kai kwana 60. Na uku, kwana 120. Kuma ba sai laifin ya zama iri ɗaya ba. Gudu a Ohayo bana, waya a Tekzas baɗi, an haɗa maka su. Wato in ka biya wannan, za ka yi shekara 3 kana tuƙi da sanin cewa kuskure ɗaya ya rage maka.

Kwana 60 ba albashi ma da sauƙi, in da kamfani zai jira ka. Mafi yawa ba sa jira. Abin da sababbi ba su gane ba shi ne, mai motar ba shi kaɗai ke yanke hukuncin wanda zai hau motarsa ba. Kamfanin inshora na da ta cewa. Su ba su san ka ba, ba su san kana salla a kan lokaci ko kana da 'ya'ya uku a Maraɗi ba. Takarda suke dubawa. Tsohon direba mai shekara goma ba tabo, in ya samu tikiti ɗaya, ana auna shi da shekarun nan goma. Kai wata huɗu gare ka, ba abin da za a ɗora a ɗaya hannun sikelin.

Maganar ɓoye wa kamfani kuwa, cire ta daga ranka. Doka ta ce mai CDL ya sanar da kamfaninsa a rubuce cikin kwana 30 bayan an same shi da laifin hanya, in ban da laifin fakin, a kowace jiha, a kowace irin mota. Kamfanoni da yawa ma nasu sharaɗin ya fi wannan tsauri, sun ce ka faɗa a ranar da aka ba ka takardar. Duba littafin da suka ba ka lokacin ɗauka. Sannan dole ne kamfani ya nemi tarihin tuƙin kowane direbansa daga jiha aƙalla sau ɗaya a shekara, wasu kuma sun biya kuɗi ana sanar da su da zarar an rubuta sabon abu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ga 'yan sefti, wato ma'aikatan kamfani masu kula da kiyaye haɗari, sun yafe gudu, sun sa direba ya sake kwas ya ci gaba da aiki. Wanda ya ɓoye kuwa, da ƙyar suke barinsa.

Wataƙila wani ya ce maka ka nemi alƙali ya tura ka ajin koyon tuƙi a share laifin, kamar yadda ake yi wa masu ƙananan motoci. Wannan ƙofa a rufe take ga mai CDL. Dokar tarayya ta hana jihohi ɓoye laifinsa ta wannan hanya. Abin da ya rage maka shi ne ka yi jayayya kafin a yanke hukunci. Nemi lauya a gundumar da aka ba ka tikitin, wanda ya saba da shari'ar direbobin manyan motoci. Na Greensboro ba zai amfane ka a kotun Ohayo ba. Sau da yawa lauyan kan tsaya maka ba sai ka je ba, kuma a wasu kotuna akan kori ƙarar ko a sauko da lambar ƙasa da 15. Ba wanda zai yi maka alkawarin haka, wanda ya yi ma ka guje shi. Kuɗin lauyan na iya fin tarar, ka biya da zuciya ɗaya. Ka kuma rubuta ranar kotun a inda za ka gani kullum, domin wanda bai biya ba bai kuma bayyana ba, lasinsa ake dakatarwa, wani lokaci sai a sikeli, inda ake auna manyan motoci a hanya, zai ji labari.

Takarda ta biyu da ka ambata a taƙaice, ita ce rahoton binciken gefen hanya, kuma ba kotu take zuwa ba. Rumbun bayanan tarayya take shiga, ta fito a rahoton da ake kira PSP, wanda ke nuna binciken shekara 3 da haɗurran shekara 5. Kamfanin da ka nemi aiki na iya ba ka takardar izini ka sa hannu ya duba. Ko da gargaɗi kawai jami'in ya rubuta ba tikiti, in yana kan wannan takarda zai fito. Dala 10 ne ka ciro naka ka gani da idonka. In kotu ta wanke ka, ka ɗauki takardar hukuncin ka shigar ta tsarin DataQs a gyara rahoton, domin ba ya gyara kansa.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Maigidana yana makarantar CDL, yana kuma tuƙin Uber kafin ya gama. Tikiti biyu sun zo gida ta akwatin wasiƙa, na kyamara, kuma bara ɗan sanda ya ba shi na waya. Shi ya ce na ƙaramar mota ba ruwansu da tirela. Haka ne? 'Yarka daga Bronx.

AMSA: 'Yata, rabin gaskiya ya faɗa miki. Na kyamarar gudu a birnin Niyok mai motar ake aika wa, ba sa hawa kan lasin, a biya su kawai. Na wayar ne abin damuwa. A jihar Niyok makin laifi 5 ne a kan lasin, kuma lasin ɗaya ne mutum ke da shi, tarihi ɗaya. Duk kamfanin da zai ɗauke shi sai ya ciro tarihin shekara 3 na baya, ba ruwansa da wace mota aka yi laifin. Zai iya samun aiki da guda ɗaya, amma ya rubuta shi da hannunsa a takardar neman aiki kafin su gano. Daga yau kuma ya tuƙa Uber ɗin nan kamar tirela ce. Manyan laifuka irin su tuƙi cikin maye, ƙin yarda a gwada mutum, ko gudu daga wurin haɗari, ko a ƙaramar mota aka yi su, shekara guda ake karɓe CDL, karo na biyu kuma har abada. Na san za ki ce maigidanki ba ya sha. Gudu daga wurin haɗari fa ba sai mashayi ba, tsoro kaɗai na sa mutumin kirki ya yi shi.

TAMBAYA: Malam, ni ba yaro ba ne a tuƙi. Na yi shekaru ina jan DAF tsakanin Kano da Legas kafin in zo nan. Yanzu kyamarar da kamfani ya sa a motata kullum sai ta kai ƙarata wai ina matse motar gaba, wata yarinya da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ta kira ni tana mini faɗa. In na bar fili, ƙananan motoci shigewa suke yi. Ya ake so in yi? Ɗan'uwanka daga Columbus.

AMSA: Alhaji, wanda ya sauko da lodi ta Jebba da Mokwa da daddare ba a koya masa riƙe sitiyari. Hannunka ba shi da laifi. Amma hanyar da ta koya maka tuƙi ta koya maka wata ɗabi'a: in ka bar fili an cinye, don haka ka matse. A wancan wurin ga ramuka, ga cunkoso, gudun ba ya kai na nan. A nan kana kan mil 65 awa bayan awa da nauyin da zai iya kai fam 80,000, sama da tan 36. A wannan gudun, a busasshiyar hanya, motar na bukatar kusan ƙafa 525 kafin ta tsaya, mita 160 ke nan. Ƙaramar motar da ke gabanka ƙafa 300 da 'yan kai sun ishe ta. In ta taka birki da ƙarfi kana bayanta kurkusa, lissafin ya riga ya ƙare tun kafin ƙafarka ta motsa. Birkin iska ma sai ya ɗauki kamar rabin daƙiƙa kafin ya kama.

Littafin CDL da ka karanta ka ci jarrabawa ya ba da ma'auni: daƙiƙa ɗaya ga kowace ƙafa 10 ta tsawon motarka, in ka wuce mil 40 ka ƙara ɗaya. Kan mota da bodi mai ƙafa 53 sun kai wajen ƙafa 70, daƙiƙa 8 ke nan. Ka zaɓi gada ko allo, motar gaba ta wuce shi, ka fara ƙirga. Yawancin waɗanda nake koyarwa a ranar farko uku suke samu, kuma su rantse sun bar fili.

Gaskiya ne za su shige. Su shige. Ka ɗaga ƙafa daga totur kaɗan, filin ya dawo, wani ya sake shiga, ka sake ɗagawa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka riƙa tafiya ƙasa da gudun jama'a da mil biyu ko uku, sai ka ga duk wanda ya shiga gabanka da kansa yake nisa. Ka lissafa asarar: mil uku a awa, cikin awa 11 da doka ta yarda ka tuƙa a rana, mil 33 ne. A kuɗin da ake biyan sabon direba kan kowane mil bai kai dala 25 ba. Bugun mota ɗaya ta baya kuwa, ko ba wanda ya ji ciwo, kusan kullum a kan na baya ake ɗora shi, ga tikitin bin mota kurkusa, wanda na ambata wa ƙaninmu na Greensboro a sahun masu tsanani.

Akwai wani abu da ya bambanta aikin nan da na gida, shi ya sa yarinyar ke kiranka. Bayan haɗari ɗan sanda na tambayar waye mai laifi. 'Yan sefti tambayarsu daban: shin direbanmu ya yi duk abin da zai iya don kada abin ya faru? Kana iya zama mai gaskiya a wajen ɗan sanda, kamfani ya rubuta cewa haɗarin abin kaucewa ne, kuma wannan rubutun shi ne zai bi ka wurin aiki na gaba. Don haka ake matsa wa direba ya kai idonsa daƙiƙa 12 zuwa 15 gaba, kusan kwatar mil a babbar hanya, ya riƙa leƙa madubi duk bayan 'yan daƙiƙu, ya san a kowane lokaci ina zai kauce in abu ya ɓaci. Tsarin Smith da kamfanoni da yawa ke koyarwa, tun 1952 yake, kuma abin da yake faɗa ke nan. Wanda ya hango jan fitilun birki tun daga nesa ba ya taka birki da ƙarfi, wanda ba ya taka birki da ƙarfi kuma kyamara ba ta san da shi ba.

Tunda lokacin sanyi na tafe, bari in ƙara maka abin da hanyar Legas ba ta koyar ba. A jiƙaƙƙiyar hanya ka rage kashi ɗaya cikin uku na gudunka, a kan dusar ƙanƙara da ta daskare ka rage rabi, in ƙanƙara ce zalla ka lallaɓa ka nemi wurin tsayawa. Gada na daskarewa kafin titi. Kashe birkin inji in akwai santsi, yana iya sa tayoyin kai su zame bodi ya naɗo ka. Motar da ba lodi ta fi mai lodi wuyar tsayawa, ita ce kuma iskar Wayomin ke kifarwa a kan babbar hanyar I-80. A gangara irin ta Monteagle a Tenesi, ka sa ƙaramar giya tun kana sama, domin a tsakiya ba ta shiga. In disfaca, mai tura ka aiki daga ofis, ya matsa maka ka tafi cikin yanayin da ka ga haɗari, ka rubuta masa a na'urar motar cewa ka tsaya saboda yanayi, rubutu ba kiran waya ba. Dokar tarayya ta umarci direba ya tsaya in hanya ta yi muni, ta kuma hana a kore shi don ya ƙi karya dokar lafiyar hanya. In motar ta faɗa rami, sunan disfaca ba ya cikin rahoton.

Sai waya. Mu Hausawa da saƙon murya na WhatsApp sai Allah. Danna ka riƙe ka yi magana, riƙe waya ne a idon doka, tararsa na iya kai dubban daloli, kuma kyamarar da ke kallon fuskarka ta gani. Da azumi kuma, wanda ya tashi sahur ƙarfe huɗu ya tuƙa har la'asar ya san yadda ido ke yi. Kai matafiyi ne, ka tambayi malaminka game da rangwamen da aka yi maka, ko ka shirya awoyinka yadda barci zai samu.

Yarinyar kuwa, ka yi haƙuri da ita. Ba ta iya tuƙi ba, amma ita ke rubuta fayil ɗinka.

TAMBAYA: Kawu, wata uku da fara aiki na bugi madubi da gefen wata mota a tashar manyan motoci ina yin baya da dare. Kafin nan na taɓa goge ƙofar wurin sauke kaya. Sun sallame ni. Na nemi aiki wurare da dama, da sun duba sai su yi shiru. Shi ke nan tawa ta ƙare? Ɗanka daga Harrisburg.

AMSA: Ba ta ƙare ba, ɗana, amma shekarar da ke gabanka za ta yi tsauri. Yin baya shi ne inda sababbi suka fi faɗuwa, ba babbar hanya ba, kuma kusan duk bugun da aka yi ana yin baya ana rubuta shi abin kaucewa, domin abin da ka buga a tsaye yake. Maganinsa kowa ya sani, kunya ke hana yi: ja birki, sauka, zaga ka duba, ko sau biyar ne, ko ana danna maka hon. Ka kuma daina tuƙi har ƙarshen awoyinka sannan ka fara neman wurin kwana. Ƙarfe tara na dare wuraren da suka rage su ne waɗanda tsofaffin direbobi suka ƙi.

Shirun da suke yi maka, daga abin da tsohon kamfaninka ya rubuta ne. Manyan kamfanoni na aika bayanin direbobinsu zuwa rahoton da ake kira DAC, na kamfanin HireRight: ranar shiga, ranar fita, dalilin rabuwa, haɗurra, da ko za su sake ɗaukarka. Doka ta ba ka damar karɓar kwafinka kyauta sau ɗaya a shekara. Nema ka karanta layi-layi. In an rubuta abin da bai faru ba, ko an mai da gogar ƙofa babban haɗari, ka shigar da ƙorafi a rubuce, suna da kwana 30 su bincika. In kuwa gaskiya aka rubuta, ka bar shi, ka shirya bayaninka: me ya faru, me ka canja. Faɗa musu tun a kiran farko. Mai ɗaukar aiki ya saba jin labarin madubi, abin da ba ya so shi ne ya gano da kansa.

Akwai kamfanonin da ke ɗaukar irinku. Kuɗin mil ɗinsu ƙasa ne, motocin ba sababbi ba ne. Karɓi guda, ka zauna shekara cur ba tikiti ba bugu, kada ka yi ta tsalle don an ƙara maka senti biyu a wani wuri, domin takardar neman aikin CDL tarihin shekara 10 take tambaya, kuma wurare huɗu cikin shekara ɗaya tabo ne shi ma. Ka yi hankali da masu motoci biyu-uku da za su ce ba ruwansu da tarihinka, su biya ka a matsayin ɗan kwangila, su nuna maka yadda ake wasa da na'urar da ke rubuta awoyin tuƙi. Ko ɗan garinku ne. Taya ta suɗe, fitila ta mutu, birki ya saki, awoyi na ƙarya, duk abin da jami'i ya samu a sikeli zai hau PSP ɗinka na shekara 3, kai da kake neman wanke suna. Kafin ka karɓi makulli, ɗauki lambar DOT, wato lambar rajistar kamfani a ma'aikatar sufuri, da ke jikin ƙofar motar ka duba tarihin kamfanin a shafin FMCSA, kyauta ne. In kuma ka shiga ka ga ba za ka iya ba, kada ka yi fushi ka ajiye musu mota a tasha ka hau bas. Mai da ta inda suka ce, ɗauki hotonta ciki da waje, ka karɓi shaidar ka miƙa makulli a rubuce.